Siririyar Taya a Gaban Babur ɗin Baba

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni ƙaramin akawu ne a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata. A tirela aka ɗauko kabad-kabad ɗinmu da tebura, mu kuma aka zuba mu a bas. Da muka iso aka ba ni masauki a Karu, ciki da falo, amma ba ni kaɗai ba. An haɗa ni da masinjan ofishinmu, wani dattijo dogo mai furfura a gemu, wanda kowa ke kira Baba, har da darakta. Shi ya ɗauki ciki, ni na shimfiɗa katifata a falo. Iyalinsa suna Legas, sai yara sun kai ƙarshen shekarar karatu za su biyo shi. Ni kuwa lokacin ko aure ban yi ba.

Aikin Baba kai takardu ne a kan babur. Babur ɗin na ofis ne, baƙi, mai salansa biyu, amma ya daɗe a hannunsa har mutane sun manta ba nasa ba ne. Tun a Legas ya sa masa wata faffaɗar taya a gaba, mai manyan zane kamar ta tarakta, saboda ramuka da ruwan da ke kwanciya a titi. A gaban fitila kuma ya sa an yi masa waldar ƙaramar kariya, a nan yake ɗaure akwatin ƙarfe na takardu. Na taɓa gwada tura babur ɗin daga bakin ƙofa zuwa inuwa, na ji kansa kamar ana riƙe da shi daga ƙasa. Baba ya yi dariya ya ce biro ya lalata min hannu.

Abuja ta wancan lokacin tituna ne manya da babu kowa a kansu. Ofis ɗaya yana nan, ɗaya yana can bayan dutse, tsakaninsu ciyawa da ja-jayen ƙasa da motocin tifa. Takardar da a Legas Baba zai tsallaka titi ya miƙa, a nan sai ya yi tafiyar rabin yini. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, kuma abin da yake so kawai shi ne ya kawo matarsa da 'ya'yansa su zauna a wannan ciki da falon, ni a nema min wani wuri.

Kofin shayi ne ya fara faɗa min. Wata safiya ya ɗauke shi da hannun hagu, kofin ya sulɓe ya kife a kan tabarma. Ya ce zafi ne. Bayan kwana uku buta ta faɗi daga hannun nan yana alwala. Sai kuma na lura in zai fitar da babur da safe, ba ya juya kan babur ɗin da hannu biyu, yana tokara ƙugunsa a jikin tanki ne ya ja da dama kawai. Rannan ya tsaya a ƙofar falo da hannun rigarsa a buɗe, ya miƙo min wuyan hannunsa na dama.

"Malam, sa min maɓallin nan. Zaren ya yi tauri."

Zaren lafiyarsa ƙalau. Yatsun hagun ne suka kasa kama maɓallin. Na sa masa, na ce, "Baba, hannun nan fa ya kamata likita ya gani."

"Sanyin garin nan ne. Mun saba da zafin Legas."

"Ko da sanyi ne, a duba."

Ya zauna a kan hannun kujera ya dube ni. "In na je asibitin ma'aikata, rubutawa za su yi. In suka rubuta, ofis zai gani. In ofis ya gani, za su karɓi makullin babur, su ce in je in huta. Wanda aka ce ya je ya huta, ɗakin nan ba nasa ba ne kuma. Ka gane?"

Na ce na gane.

"Ni ba hannu ne ya dame ni ba, kan babur ɗin ne ya yi nauyi. An ba ni labarin wani bakanike a Masaka. Ranar Asabar za ka raka ni. Kai ka iya karanta lambobin jikin taya."

Ranar Asabar ya goya ni muka tafi. Ranar na ji abin da yake fama da shi. Duk kwanar da za mu sha ta hagu sai ya rage gudu sosai, kafaɗarsa ta ɗaga, in ji numfashinsa ta bayansa. Ta dama kuwa yana shanta ba wahala.

Bakaniken Bagbagyi ne, wato Bagwari ɗan asalin yankin, gajere, mai kaurin damtse, shekarunsa za su kai na Baba. Rumfarsa tana bayan masu sayar da doya, tayoyi a rataye a jikin itace, wasu sababbi a naɗe da takarda, wasu kwance. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ɗaga gaban babur ɗin ya ɗora a kan kututture, ya kaɗa kan hagu da dama da yatsa biyu, ya saurara.

"Baba, abu uku ne. Na ɗaya wannan taya. Shi yana da faɗi, bakinsa kuma ya kwanta kamar faranti. In kana so ka juya, sai ka yi kokawa da shi. Na biyu boris na wuya, inda kan yake juyawa, ya bushe, ba giris. Na uku wannan akwati. Ka ɗora wa mashin kaya a goshi."

Ya sauko da tayoyi uku ya jera a ƙasa. Ya ce in karanta lambobin. Na karanta, ya gyaɗa kai, ko da yake na ga alama ya san su da ido fiye da yadda na san su da karatu. Ɗaya faffaɗa ce irin ta Baba. Ɗaya matsakaiciya. Ta ukun siririya ce, zanenta layi-layi ne a tsaye, bayanta a zagaye kamar bayan kifi. Ya tsayar da ita ya sake ta, ta gangara, da ya ɗan taɓa ta da yatsa sai ta karkata ta yi kwana da kanta.

"Ka gani? Wannan ba sai ka roƙe shi ba. Ka yi tunanin kwana kawai, shi ya tafi. Amma yana da hali. A kan yashi ba ya haƙuri. In ruwa ya sauka a kwalta, ba ya haƙuri. Babban taya in ka yi kuskure zai yafe maka. Wannan ba ya yafewa. Ni da na tsakiya zan sa maka."

"Siririyar nake so," in ji Baba.

Bakaniken ya tsuguna a gaban babur ɗin. Ya miƙa masa sifana ya ce ya riƙe masa wani noti ta gefen hagu. Baba ya karɓa da dama. Bakaniken ya ce a'a, ta can gefen, da ɗaya hannun. Baba ya sauya. Da bakaniken ya murɗa daga nasa gefen, sifanar ta fice daga hannun Baba ta faɗi cikin baƙin mai. Baba ya ce zai je ya yi sallar azahar a masallacin kasuwa, ya tafi yana goge hannu da ƙyalle.

Sai da ya ɓace bakaniken ya juyo gare ni.

"Oga, wannan baba naka ne?"

"Tare muke aiki. Ɗaki ɗaya muke."

"Hannu nasa ba lafiya. Kai ka sani?"

Ina iya tuna abin da nake kallo a lokacin: wata akuya tana cin ɓawon doya a bakin rumfar. Na ce, "Tsohuwar targaɗe ce. Tun a Legas. Likita ya gani, ya ce ba komai."

"Likita ya gani?"

"Ya gani."

Ya dubi katin ma'aikata da ke leƙowa daga aljihun rigata. Ban san dalilin da ya sa na fito da shi ranar Asabar ba, sai dai a lokacin duk muna yawo da shi, saboda mu ne mutanen gwamnati da suka zo. Ya ce, "To. Ku ne masu karatu. Babana haka ya fara, fartanya yana faɗuwa daga hannu. Amma tunda likita ya gani."

Ya zauna ya yi aikin, kuma ban taɓa ganin an yi wa babur aiki da natsuwa irin wannan ba. Ya kwance wuyan babur ɗin, ya wanke ƙwayoyin boris ɗaya bayan ɗaya da kananzir, ya cika su da giris. Ya sa siririyar tayar, ya ba ta iska ya ɗan ƙara a kan yadda aka saba, yana matsawa da babban yatsa. Ya cire kariyar gaba ya mayar da akwatin baya. Ya sauya ƙarfen hannu da wani mai ɗan tsawo, ya ce dogon hannu ba ya cin ƙarfi. Sannan, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya zare wayar kuloci, wadda hannun hagu ke matsawa, ya ɗura mata mai har ta yi laushi, ya lanƙwasa mariƙinta ya matso da shi kusa da yatsu. Da ya gama wannan bai dube ni ba.

Baba ya dawo ya hau. Ya fita titin Keffi, ya yi nisa, ya juyo ta hagu a tsakiyar kwalta cikin ɗan ƙaramin fili, kamar mai keke. Ya sake yi. Da ya tsaya a gabanmu ya tura hular kwano baya, fuskarsa duk haƙora.

"Malam! Kamar an sauke min dutse. Wallahi da yatsa ɗaya zan kai shi Kaduna."

Bakaniken ya ce, "Yashi, Baba. Da ruwa. Ka tuna."

A hanyar komawa Baba har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar na yi wa dattijo alheri.

Wata biyar ya yi a kan wannan tayar. Bai taɓa faɗuwa ba, ko sau ɗaya. Damina ta sauka, in ya ga hadari sai ya fake a ƙarƙashin gada. In ya zo inda tifa ta zubar da yashi sai ya sauke ƙafafu biyu ya bi a hankali. A ofis aka fara yabonsa, ana cewa Baba ya koma yaro. A gida kuwa ni ne mai sa maɓalli kullum, daga baya har da ɗaure igiyar takalmi. Wani lokaci yana magana sai kalma ta maƙale masa, ya tsaya, ya yi tsaki, ya ci gaba. Sau biyu na sake tayar da zancen asibiti. Na farko ya ce bari yara su zo tukuna. Na biyu ya nuna min babur ta taga ya ce, "Wanda ba shi da lafiya zai iya kai wannan Gwagwalada ya dawo?" Ban sake magana ba.

Ranar wata Talata aka ba shi takardu zuwa wani ofis da ke wajen Gwagwalada. Ni na rubuta su a littafin fita, ya sa hannu. Bayan la'asar wani ɗan sanda ya shigo sashenmu yana riƙe da hular kwanon Baba. Ya ce mutanen wani ƙauye kusa da Gwagwalada, Paikon Kore, su ne suka kai rahoto. An kai Baba asibiti, amma kafin a isa rai ya yi halinsa.

Abin da na fara tambaya, kafin ma in yi salati, shi ne, "Faɗuwa ya yi?"

Ɗan sandan ya ce bai ga alamar faɗuwa ba. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Washegari da safe aka yi masa sutura, 'yan ofis da wasu 'yan garinsu da ke Karu. Aka aika Legas. Bayan kwana biyu oganmu ya ce babur kayan gwamnati ne, a je a ɗauko, kuma tunda ni ne abokin zamansa ni zan je. Na hau motar haya zuwa Gwagwalada, daga nan wata akori-kura ta sauke ni a Paikon Kore.

Babur ɗin yana cikin gidan wani manomi, an lulluɓe shi da buhu saboda ruwa. Manomin ya ce matarsa ce ta gan shi, sai ya kira ta. Ta zo da zani ɗaure a ƙirji, ta tsaya daga nesa kaɗan, ta ba ni labari da Hausarta mai tsinkewa, mijin yana cike mata. Ta ce tana dawowa daga gona ta ga mutum ya sauka daga kwalta a hankali, ya tsaya a gindin wata ɗorawa. Ya kafe babur a kan ƙafarsa, ya zare makulli, ya cire hula ya ɗora a kan sirdi. Sannan ya zauna ya jingina da itacen. Ta ɗauka hutawa yake yi. Da ta matso sai ta ga bakinsa ya karkace. Ta ba shi ruwa a ƙwarya, ruwan ya zubo ta gefe.

"Ya yi magana?" na tambaya.

Ta ce ya yi. Abu ɗaya ya yi ta faɗa, sau uku ko huɗu, yana kallonta. Amma harshensa ya yi nauyi, ita kuma Hausarta ba ta da yawa. Na roƙe ta ta gwada maimaita min ko da sautin ne. Ta gwada. Ta fitar da wani sauti mai gaɓa uku, ta girgiza kai, ta sake gwadawa, ya fito daban. Na ce ko sunan mutum ne? Ko salati ne? Ta ce ba ta sani ba. Mijin ya ce in yi haƙuri, tun ranar ba ta iya cin abinci sosai.

Na hau babur ɗin. Rabona da riƙe kansa tun kafin Masaka. Ina ɗaga ƙafa kan ya kaɗa hagu, na gyara, ya kaɗa dama. Duk abin da hannuna ya yi, ya yi yawa. Mariƙin kulocin yana dab da yatsuna, ina taɓa shi ya shige. Robar hannun dama ta cinye har ta yi santsi, ta hagu kuwa zanenta yana nan kamar sabuwa. Sai da na yi tafiya mai nisa ina tangaɗi kafin na gane yadda ake tuƙa shi: in saki hannun hagu ya kwanta kawai a kan ƙarfen, ba riƙo, dama ta yi komai. Da na yi haka babur ɗin ya miƙe sumul. Haka na taho tun daga can har cikin gari, zaune yadda yake zama, kafaɗa ɗaya a sake. Wajen rabin hanya na tsaya a gefen titi na sauka, don ji na yi kamar ba ni kaɗai ba ne a kan sirdin. Na daɗe a tsaye motoci suna wucewa, sannan na sake hawa.

A ofis kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Likitan da ya duba shi ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya ambaci taya, don taya ba ta yi laifin komai ba. Ni kaɗai na san cewa da an bar kan babur ɗin da nauyinsa, da bai fi mako biyu ko uku ba Baba zai kasa fitar da shi daga ƙofa. Da dole ya zauna, da dole wani ya duba shi. Ko hakan zai canja wani abu, Allah ne masani. Na tambayi likitoci biyu daga baya, a fakaice, kamar labarin wani nake ba su. Ɗaya ya ce mai yiwuwa. Ɗaya ya ce ba lallai ba.

Ban koma rumfar bakaniken ba. Shekaru na yi ina wuce Masaka a mota, in mun zo daidai masu doya sai in sami abin dubawa a ɗaya tagar.

Matar Baba ba ta zo ba sai da ta fita takaba. Ta zo da ƙaninsa don su kwashe kayansa. Mace ce 'yar ƙarama, mai magana a hankali, Hausarta ta ɗan gauraya da Yarbanci saboda daɗewa a can. Na riga na ninke tufafinsa na sa a akwati. Ƙanin ya fita neman motar da za ta kai su tasha, aka bar mu mu biyu a falo, ita a kan tabarma, ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ya sha ba ni labarinka a wasiƙa. Ya ce kai ne kake sa masa maɓalli."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Mama, akwai abin da ya kamata in faɗa miki." Na faɗa mata duka, da kofin, da sifanar, da abin da bakaniken ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba kafin ranar.

Ta saurara har na gama. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Tun kafin ku taso ya fara," in ji ta. "Cokali ya faɗi a hannunsa sau biyu a gabana. Ranar da aka kira su gwajin lafiya kafin tafiya, ni na ce masa kada ya ambata. Na ce in mun koma can, mun zauna, sai a nemi magani a natse. Ɗakinmu na Legas ruwa yake shiga duk damina. Na ƙosa mu bar shi."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ta tambaye ni ko ya bar wani saƙo. Na ce ya yi magana a ƙarshe, amma wadda ta ji ba ta gane ba. Ta ce in faɗa mata yadda sautin yake. Na gwada, yadda matar manomin ta gwada min. Ta sa na maimaita sau biyu, tana motsa leɓɓanta tare da ni, tana gwada shi da sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Bai dace da ko ɗaya ba.

Ƙanin ya dawo da mota. Na ɗauki akwatin na sa a but, na raka su har tashar Nyanya. Kafin ta shiga bas ta leƙa ta kalli duwatsun da ke bayan garin, ta ce ashe haka wurin yake, ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce in na yi aure in aika mata. Na yi auren bayan shekara biyu, na rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ta ba ni, aka dawo min da ita, an rubuta a baya cewa sun tashi.